Tsuntsu mai haƙora na Solnhofen

A shekarar 1861, masu fasa dutse a yankin Solnhofen da ke kudancin Jamus suka tsaga wani falalen dutse, sai ga ƙasusuwan wani tsuntsu kwance a ciki, shatin gashin fukafukansa ya fito sarai, har ana iya ƙirga su. Masana suka raɗa masa suna Archaeopteryx.

Ya rayu kimanin shekara miliyan 150 da suka wuce. Girmansa bai fi na hankaka ba, amma bakinsa cike yake da haƙora, kowane fiffike na da farata uku, ga doguwar jela mai ƙashi. Abin da ya adana shi kuwa, ya faɗa ne cikin ruwa mai tsananin gishiri, inda babu abin da zai ci gawarsa, laka mai laushi ta lulluɓe shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, irin waɗannan duwatsu kaɗan ne ƙwarai, amma wasu sun faɗa hannun 'yan kasuwa da masu tara kayan tarihi. Ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira na Maxberg, ya yi ɓatan dabo a 1991 bayan rasuwar mai shi. Har yau ba a gan shi ba.