AYARIN GIDA: DARASI DAGA FATAKEN DA DA MASU ƊAKI A MOTA

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

Shugaban taro, iyayen ƙasa, malamanmu, shugabannin ƙungiya, 'yan'uwa maza da mata 'yan asalin Wagini da kuka taso daga Katsina da Kano da Kaduna da Abuja har da Legas.

Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ba ni damar tsayawa gabanku. An ce tsohon malamin makaranta in ya sami allo da alli sai an riƙe hannunsa, to amma zan yi ƙoƙari in taƙaita. Batun da zan yi magana a kai shi ne tafiya: yadda waɗansu al'ummu suka mai da ita makaranta da hanyar zumunci, yadda kakanninmu suka riga su a wannan fage, da kuma abin da ya kamata mu yi domin kada 'ya'yanmu su tashi baƙi a ƙasar iyayensu.

Bari in fara da nesa. A ƙasashen Amurka da Turai akwai wata irin mota da ake ƙerawa tamkar ɗaki. A cikinta akwai gado, da murhun gas, da firji, da tankin ruwa, da makewayi, wasu ma har da faifan sola a kan rufi. Magidanci, galibi wanda ya yi ritaya, yakan ɗauki iyalinsa su kama hanya, inda rana ta faɗi nan ne masauki. Su tsaya su ga dutse, su ga kogi, su shiga gidan tarihi, gari ya waye su ƙara gaba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, masu irin waɗannan motoci ba su yarda da kaɗaici ba. A ranar 20 ga Yuli, 1963, iyalai 26 suka haɗu a wani ƙauye mai suna Hinckley a jihar Maine domin kallon husufin rana, a nan suka kafa ƙungiyar da daga baya membobinta suka kai dubbai. Haka kuma, a kowane watan Janairu dubban irin waɗannan motoci kan yi dafifi a wani ƙaramin gari na hamada mai suna Quartzsite a jihar Arizona, a ci kasuwa, a sada zumunci, a koya wa juna gyaran mota. Tun a shekarar 1959 ma wani Ba'amurke mai suna Wally Byam ya jagoranci ayarin ɗakunan da mota ke ja guda 41, suka taso daga Cape Town a Afirka ta Kudu, ba su zame ba sai Alƙahira a 1960.

Waɗanda suka san Kano a shekarun 1970 da 1980 za su tuna da irin waɗannan baƙi. Sukan ƙetaro Sahara ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram, motocinsu sun yi butu-butu da ƙura, su yada zango a Kano, su hau Dala, su leƙa marinar Ƙofar Mata, su shiga kasuwar Kurmi. Mutum ya baro ƙasarsa, ya sha rairayi da ƙishirwa, domin ya ga abin da mu muke wucewa kullum ba tare da mun ɗaga kai ba.

To, jama'a, wannan al'ada ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Tun kafin a ƙera mota, fatakenmu ke ɗaukar gidansu a bayan jaki da takarkari. Daga Katsina da Kano ayari ke tashi zuwa Gwanja fataucin goro, a yi watanni a hanya kafin a isa kasuwar Salaga a ƙasar Gana ta yau. Ayarin nan yana da tsari. Akwai madugu, uban tafiya, wanda ke yanke shawara, shi ke magana da sarakunan ƙasashen da za a ratsa. Akwai jagaba, wanda ya san hanya da mashaya, yana gaba. Akwai uban dawaki, akwai kuma malamin ayari mai rubutu da lissafi. Ba a tashi sai an shirya, ba a sauka sai a zangon da aka sani, ba a kuma barin mai rauni a baya. Unguwannin da ake kira Zango a Kumasi da Ankara har gobe shaida ne na inda waɗannan bayin Allah suka sauke kaya. Haka ma alhazan da, waɗanda suka bi ta Barno da Chadi da Sudan, a ƙafa da farko, daga baya a manyan motoci, wasu su shekara da yawa kafin su dawo.

Su ma marubutanmu sun gane darajar tafiya. Alhaji Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi a kan ziyararsa Ingila a 1943, Malam Aminu Kano kuma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Sunayen littattafan nan biyu kaɗai sun isa wa'azi.

Yanzu mu dawo gida. Ina roƙon kowane uba da kowace uwa a wannan zaure su yi wa kansu tambaya: yaushe rabon 'ya'yanku da Wagini? Da yawa cikin yaranmu na birni sun san sunayen 'yan ƙwallon Ingila da Sifen a ka, amma ba su san sunan kakan kakansu ba. Ba su taɓa jin labarin Ruma da jarumtar Ɗanwaire ba, ba su san me ya sa ake kiran Hakimin Batsari Sarkin Ruma ba. Ba su taɓa ganin ana sussukar gero ba, balle su bambanta dawa da maiwa a gona. Yaron da bai san garinsu ba, ranar da ya zama babban ma'aikaci ko attajiri, da wane ido zai dubi makarantar firamare ko asibitin garin? Ƙungiya irin tamu da masu ƙaunar gida take rayuwa. In muka kau babu wanda ya gaje mu, to ƙofa ta rufe ke nan.

Ba zan ɓoye gaskiya ba, kowa ya san dalilin da ya sa ƙafa ta ɗauke. Shekarun nan da suka gabata 'yan bindiga masu fakewa a dajin Rugu sun addabi ƙasar Batsari da Safana da maƙwabtansu. An rasa rayuka, an kore dukiya, an bar gonaki, an rufe makarantu a wasu ƙauyuka. A shekarar 2025 an yi zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomi na wannan yanki, muna kuma fatan Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amma ba wanda zai zargi uban da ya ji tsoron ɗauko 'ya'yansa shi kaɗai a mota. Daɗin daɗawa, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin tafiya ya fi ƙarfin magidanta da yawa.

Shawarata ita ce mu farfaɗo da ayari. Ba mu da motoci masu gado da firji, ba ma kuma buƙatarsu. Abin da za mu ara daga masu su shi ne haɗuwa a lokaci sananne da tsayawa a ga abin gani. Abin da za mu gada daga fatake kuwa shi ne tsari. Sau ɗaya a shekara, lokacin hutun makaranta, kowane reshe ya haɗa kuɗi ya ɗauki bas ɗaya ko biyu, iyaye da yara, a taho tare.

Hanyar kanta makaranta ce. 'Yan reshen Abuja da Kaduna su tsaya Zariya su ga Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, in kuma sun biyo ta Dutsin-Ma su leƙa madatsar ruwa ta Zobe da aka kammala a 1983. 'Yan reshen Kano su fara da Gidan Makama da Dutsen Dala. Masu sarari su ratsa Daura su ga rijiyar Kusugu, su biyo ta ƙasar Mani su ga Durɓi ta Kusheyi, inda aka haƙa kaburburan sarakunan farko a 1907, aka sake haƙawa a 1992. Sai duk a haɗu a birnin Dikko. A can yara su ga hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta gininta da zamanin Muhammadu Korau, su ziyarci kushewar Wali Ɗanmarina da ta Wali Ɗanmasani, su shiga tsohon ginin Kwalejin Katsina da Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Sannan a tsaya Ƙofar 'Yanɗaka, wadda ta nan Lugga ya shiga Katsina a 1903, a gaya musu cewa ta wannan nahiya hanyar gida ta miƙe.

Amma tafiya irin wannan sai da ƙa'ida. Na farko, a naɗa madugu guda, wanda in ya ce a tashi a tashi, in ya ce a tsaya a tsaya. Na biyu, jagabanmu su ne mutanen gida. Su ke kwana su tashi a wurin, su suka san halin da hanya ke ciki. Kada ayari ya wuce Katsina sai da yardar iyayen ƙasa da jami'an tsaro, kuma kada a bayyana rana da lokaci a Facebook ko WhatsApp. In suka ce a dakata, sai a yi taron a Katsina, a ɗauko dattawanmu su zo su ga jikokinsu, babu abin kunya a ciki. Na uku, babu tafiyar dare ko kaɗan. Na huɗu, a tafi da makanike da ma'aikacin lafiya, a duba tayoyi da birki kafin a tashi. Na biyar, mu zo da guzurinmu da tabarminmu. Mutanen da suka sha wahalar shekarun nan bai dace mu ɗora musu nauyin baƙunta ba. Na shida, kowane yaro ya riƙe littafi da biro, ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji daga bakin tsofaffi, a zaɓi mafi kyau a buga a wannan mujalla.

Akwai abu guda da nake so ku riƙe fiye da sauran. Motar da ta kawo 'ya'yan birni kada ta kwana banza. Akwai yara a Wagini da ƙauyukan kewaye waɗanda ba su taɓa ganin Gobarau ba, alhali suna cikin masarautar Katsina. A zamanin da muke koyarwa, mukan kai 'yan aji shida yawon buɗe ido, kuma na ga yadda yini ɗaya a gidan tarihi ke zaunar da darasin da aka yi wata guda ana maimaitawa a aji. Saboda haka a ware yini ɗaya a ɗebi ɗalibanmu na gida tare da malamansu, a haɗa su kujera ɗaya da 'yan'uwansu na birni. Zumunci a ƙafa yake, kuma abotar da aka ƙulla a ƙuruciya ita ce za ta riƙe wannan ƙungiya bayan ba mu.

Ina kira ga shugabanni da su kafa ƙaramin kwamiti kafin a watse daga wannan taro, wakili ɗaya daga kowane reshe da wakilai biyu daga gida, su kawo lissafin kuɗi da tsarin hanya cikin wata uku. Ko da bas ɗaya aka fara, ya wadatar. Da yayyafi kogi kan cika.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mai da kowa gidansa lafiya.