Kafin ka sayar da bijimai ka sayi injin leza

Makon jiya wani bawan Allah ya kira mu daga wajajen Birnin Ƙonni, ya ce ƙanensa mai walda ya matsa masa lamba ya sayar da bijimai, su haɗa kuɗi su yo odar injin yankan ƙarfe na leza daga Sin. To Malam, da kai nake yau, da duk mai irin wannan niyya.

Injin dai ba ƙarya ba ne. A zana abu a kwamfuta, a shimfiɗa fallen ƙarfe a kan teburinsa, wanda galibi tsawonsa mita 3 ne, faɗinsa mita 1 da rabi, sai wani siririn haske mai tsananin zafi ya bi zanen yana narkar da ƙarfen, iska mai ƙarfi na hure narkakken. Bakin yanka ya fito sumul. Ƙyauren gida mai zanen fure, ƙarfen amalanke, komin shayar da dabbobi, duk yana fitar da sassansu, mai walda ya haɗa.

Amma fa leza suna ta tara. Akwai ƙarami mai araha da ake kira CO2, mai ƙarfin wat 80 ko 100. Wannan katako da fata da roba yake yanka, ba ya yanka ƙarfen ƙyaure. Na ƙarfe shi ne faiba, daga wat 1,000 zuwa sama, kuma da yawansu a birnin Jinan na lardin Shandong ake ƙera su. In dillali ya turo maka hoto a WhatsApp da farashi mai daɗin ji, fara tambayarsa: wanne ne? Ka ce ya yanka ƙarfe mai kaurin da kake so, kana gani a bidiyo.

Sai maganar wuta, kuma nan ne gizo ke saƙa. Wat 1,500 da aka rubuta ƙarfin hasken ne kawai. Injin sanyaya ruwa da fanka da kwamfaresa kowa da cinsa, jimillar ta ninka wancan sau da yawa, kuma yawanci wuta mai layi uku ake bukata, wadda ba ta rawa. Janaretan shagon walda ba zai ɗauka ba. Ga iskar oksijin ta yankan baƙin ƙarfe, ga naitrojin ta wanda ba ya tsatsa. A garinku ina ake cika tukunyarsu? Ƙurar hunturu kuwa, ɗigo ɗaya in ya zauna a gilashin bakin injin, zafi zai ƙone shi. In na canji ya ƙare, aiki ya tsaya sai kaya sun iso, ga kuɗin kwastan, ko duwan kamar yadda muke cewa a nan.

Wani abu da dillalai ba su cika faɗa ba: hasken faiba ido ba ya ganinsa, amma yana makantarwa. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare shi, akwai nasa na musamman.

Ni dai da ni ne kai, Malam, ba zan taɓa garke bana ba. Ƙanenka ya riƙa karɓar aiki, ya kai wa masu injin a manyan birane irin su Kano su yanka masa, ya biya ladan yanka, yana rubuta kowane aiki a littafi daga kaka zuwa bazara. In damina ta faɗi ku zauna ku duba littafin nan, sannan ka sake kiranmu, layinmu a buɗe yake.