Mu Tuna da Fanny Crosby, Makauniya Mai Rubuta Waƙoƙin Yabo

 A wannan biki na cika shekara 50 mun gode wa Allah saboda dattawan da suka kafa wannan ikilisiya. Amma akwai wata baiwar Allah da ya kamata mu tuna da ita. Ba ta taɓa taka ƙasarmu ba, duk da haka waɗansu waƙoƙin da muke rairawa ran Lahadi ita ta rubuta su, aka juya mana zuwa Hausa. Sunanta Fanny Crosby.

An haife ta a jihar New York ta Amurka a shekarar 1820. Tana jaririya ta makance, mahaifinta kuma ya rasu tun ba ta cika shekara ɗaya ba. Kakarta ba ta bar ta zaune a lungu ba, ta riƙa karanta mata Littafi Mai Tsarki. Da yarinyar ta tasa, sai ta haddace Bishara huɗun nan da Zabura masu yawa. A 1835 ta shiga makarantar makafi a birnin New York, daga baya ta zama malama a wurin. A 1858 ta auri wani makaho mai kiɗa. Allah ya ba su haihuwa ɗaya, jaririn bai daɗe ba ya koma.

Daga 1864 ta duƙufa ga waƙoƙin yabo. Takan tsara waƙa a ka, ta faɗa, wani ya rubuta. Kafin ta huta a 1915, tana da shekara 94, ta bar waƙoƙi fiye da 8,000.

'Yan'uwa, rijiya ba ta ba da ruwan da babu shi a cikinta. Maganar da aka zuba a zuciyar yarinyar nan, ita ce ta fito waƙa. To, mu me muke zubawa a zukatan 'ya'yanmu? Makafi da guragu na cikinmu fa, mun ba su wuri ko mun bar su ga bara? Iyaye, zumuntar mata, malaman Makarantar Lahadi, wannan aiki namu ne. In mun yi sakaci, wa zai rubuta waƙoƙin da jikokinmu za su raira ranar cika shekara 100?

Ubangiji ya taimake mu. Amin.