Ƙwallon Tebur: Me Ya Raba Jikin Gwani Da Na Ɗan Koyo?

Yau hirarmu a kan ƙwallon tebur ce, wato tebur tanis. Tambayata ita ce: me ya sa wani zai shekara yana bugawa kullum, amma hannunsa yana nan jiya i yau?

Mu fara da filin. Tsawon teburin mita 2.74 ne, ƙwallon kuma nauyinta giram 2.7 kacal. Idan aka maka ta, kafin ka gama tunani ta wuce ka. Don haka jiki ne ke yanke hukunci.

To ku lura da ɗan koyo. Ƙafafunsa kafe a wuri ɗaya, ya damƙe bat kamar za a ƙwace masa, kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu duk sun sandare. Wani masani ɗan Rasha, Nikolai Bernstein, ya bayyana dalili. Gaɓoɓin jiki suna da yawa, ƙwaƙwalwar sabon shiga ba ta iya sarrafa su lokaci guda, sai ta kulle wasu don aikin ya yi mata sauƙi. Da ƙwarewa ta samu, sai ta riƙa sakin su ɗaya bayan ɗaya.

Shi ya sa bugun gwani daga ƙasa yake farawa. Ƙafa ta taka, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, hannu ne na ƙarshe. Ku nemi bidiyon Quadri Aruna, ɗan Najeriyar da ya kai zagayen kwata fainal a Olamfik ta Rio a 2016, ɗan Afirka na farko da ya yi hakan. Ku bar kallon hannunsa, ku kalli ƙafa da ƙugu. Can ƙarfin yake.

Amma ga inda abin ya fi ba ni mamaki. Mu kan ɗauka gwani bugu iri ɗaya yake maimaitawa kamar inji. A 1990, masana biyu a Holan, Bootsma da van Wieringen, sun auna bugun manyan 'yan wasa. Sai suka ga farkon bugun yana sauyawa daga wannan zuwa wancan, amma daidai lokacin da bat ke haɗuwa da ƙwallo, bambancin ya ragu. Kamar mazurari, baki faɗi, ƙasa tsuke. Ma'ana, jikin gwani yana gyara kansa a kan hanya. Kun gane ko?

To mene ne amfanin wannan gare ka? In kullum abokinka wuri ɗaya yake jefo maka ƙwallo, kana koyon bugun da ba za ka same shi a gasa ba. Bayan ka kama tushe, ce masa ya riƙa sauyawa: gajere, dogo, hagu, dama. Sassauta riƙo. Matsa da ƙafa kafin ka miƙa hannu. Sannan ka sa ido a kan bat ɗin abokin karawa, domin tun daga can gwanaye ke karanto inda ƙwallo za ta.

Za ka yi ta zubar da maki a makonnin farko, har yaran layi su yi maka dariya. Daure, jiki ne ke sake koyon aiki.

Ku gwada, ku faɗa min yadda ta kaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, na bar ku lafiya.