Tauraron Ɗan Adam Na Tona Asirin Masu Gurɓata Iska

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani ɗan uwa masanin yanayi ya gabatar a taron ƙara wa juna sani na ɗalibai.

Bayan ya yi godiya ga Allah (T) da salati ga Manzo (S), mai jawabin ya ce iskar da muke shaƙa amana ce, kuma an ci amanar. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta gurɓatar iska na kashe mutum kusan miliyan 7 duk shekara.

Ya bayyana cewa a 2017 Turawa suka harba tauraron Sentinel-5P, wanda kullum yake leƙa kusan duk faɗin duniya. Hasken rana ne ke dukan ƙasa ya koma sama, kowace iska kuma tana shanye nata ɓangaren hasken. Abin da ya ɓace shi na'urar ke aunawa, ta gane irin hayaƙin da yawansa. A 2020, da annobar korona ta kulle mutane a gida, hotunan sun nuna hayaƙin motoci da masana'antu ya ragu ƙwarai a biranen Sin da arewacin Italiya. Ashe dai aikin hannun mutane ne, in ji shi.

Da ya juyo gida, ya ce tun 2016 baƙin toka ya fara sauka wa mutanen Fatakwal, har cikin hancin jarirai. Wutar gas da kamfanonin mai ke ƙonawa a yankin Neja Delta kuwa, da dare tauraro na hango ta ƙarara, alhali doka ta hana ƙona shi ba da izini ba tun 1984. Wa aka kama?

Sai dai ya ja kunnen 'yan uwa cewa tauraron ba ya gani sosai in akwai girgije, kuma hayaƙin da ke tsakanin ƙasa da sama yake haɗawa gaba ɗaya, ba wanda ke daidai hancin mai tuya a bakin titi ba. Dole a haɗa da na'urorin awo na ƙasa, waɗanda suka yi ƙaranci a biranenmu.

Ya ƙara da cewa Koriya ta Kudu ta harba nata a 2020, Amurka a 2023, suna duba yankunansu sa'a-sa'a. Amma bayanan Sentinel-5P kyauta ne a intanet. Don haka ya nemi ɗaliban kimiyya su sauko da na Kano, Kaduna da Legas, su kwatanta watannin hunturu da na damina, su kawo a zama na gaba.