Koyon Kanikancin Mota a Kwalejojin Al'umma na Amurka



Batun da zan yi magana a kansa yau shi ne yadda ake koyar da kanikancin mota a wasu makarantu na ƙasar Amurka waɗanda ake kira kwalejojin al'umma. Mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa malamin Hausa da sifana da baƙin mai? Amsar wannan tana tafe can gaba. Abin da nake so in tabbatar shi ne, motar zamanin nan ta fi ƙarfin wanda ya koya a gareji kaɗai, ta kuma fi ƙarfin wanda ya koya a aji kaɗai. Sai an haɗa biyun, sa'an nan a sami wani na uku, wanda ba malamin yaro ba ne, ba kuma ubangidansa ba, ya jarraba shi ya shaida gwanintarsa.

Asalin kwalejin al'umma

Kwalejin al'umma makaranta ce ta gaba da sakandare, wadda karatunta shekara biyu ne. Jiha ko hukumar yanki ce take riƙe da ita, galibi kuma ɗalibi daga gidansu yake zuwa ya koma. Ta farko ta gwamnati an buɗe ta a garin Joliet na jihar Illinois a 1901, da shawarar William Rainey Harper, shugaban Jami'ar Chicago na lokacin. Nufin farko shi ne a sauke wa jami'o'i nauyin shekara biyun farko na digiri. Amma da aka ƙare Yaƙin Duniya na Biyu, sojoji suka komo gida da alkawarin gwamnati za ta biya musu kuɗin karatu bisa dokar 1944, sai bukata ta sake. A 1947 wani kwamiti da Shugaba Truman ya naɗa ya ba da shawara a yawaita irin waɗannan makarantu, su zama na jama'ar gari, masu sauƙin kuɗi, masu koyar da abin da garin yake bukata. Dokar ilimin sana'a ta 1963 ta ƙara musu kuɗi. Yau akwai kimanin dubu a faɗin ƙasar.

Abu biyu ya kamata mu riƙe game da su. Na ɗaya, ƙofarsu a buɗe take: duk wanda ya gama sakandare, ko ya ci jarrabawar da take daidai da ita, ana karɓarsa, ko shekarunsa 18 ko 45. Na biyu, koyon sana'a da karatun littafi a inuwa ɗaya suke. Mai koyon kanikanci da mai shirin tafiya jami'a ya karanta lauya, ɗakin karatu ɗaya suke shiga, wani lokaci ma aji ɗaya suke zama a darasin lissafi.

Yadda mota ta sake hali

To, me ya sa sana'ar da iyaye da kakanni suka koya a gindin bishiya ta koma tana bukatar kwaleji? Dalili shi ne motar kanta ta canza, hayaƙi kuwa shi ne mafarin canjin. A 1970 majalisar Amurka ta yi dokar tsabtace iska, wadda ta tilasta wa kamfanoni su rage gubar da ke fita daga salansa. Daga motocin 1975 aka fara sa wata tukunya a jikin salansa mai ƙone gubar hayaƙi, wadda wasu kanikawanmu suke kira indomi saboda kamannin cikinta. Wannan tukunya ba ta aiki sosai sai in iska da fetur sun gauraya daidai, watau kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi. Kafireto ba ya iya tsare wannan awo kowane lokaci. Saboda haka aka kawo nozul mai fesa mai, aka sa wata 'yar na'ura tana sansanar hayaƙi, aka kuma sa kwamfuta tana lissafi tana gyara awon sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Kafin tsakiyar shekarun 1990 kafireto ya ɓace daga sababbin motocin Amurka.

Daga 1996 doka ta ce kowace ƙaramar mota da za a sayar a Amurka sai tana da wata kafa mai ido 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda za a jona na'ura mota ta faɗi ciwonta da lamba. Ana kiran wannan tsari OBD-II. A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa, suna zaton na'ura ta gama aiki. Bari in ba da misali. In na'ura ta nuna P0171, ma'anarsa iska ta yi wa fetur yawa. Ba ta ce ga abin da ya lalace ba. Yana yiwuwa wata roba ce ta tsage iska tana kurɗawa. Yana yiwuwa ma'aunin iskar da ke shiga inji ne ya yi datti. Yana yiwuwa famfon mai ne ya gaji. Wanda bai san yadda abin yake aiki ba sai ya yi ta canza kaya ɗaya bayan ɗaya, mai mota yana biya, ko Allah ya sa a dace. Wanda ya sani kuwa zai auna, ya ware dalilai ɗaya ɗaya, har ya kama ɓarawon. Lamba alama ce kawai, kamar zazzaɓi ga likita.

Sa'an nan ga motoci masu haɗa fetur da lantarki, irin Toyota Prius da ta fito a Japan a 1997, ta shiga Amurka a 2000. Batirin mota da muka saba da shi bolt 12 ne, ba ya kisa. Babban batirin irin waɗannan kuwa ya haura bolt 200, na motoci masu lantarki zalla ma yakan kai 400 ko 800. Shi ya sa ake rufe wayoyinsu da roba mai ruwan goro, don gargaɗi. Kuskure a nan ba asarar kuɗi ba ce, rai ne.

Abin da ɗalibi yake koyo

Hanya biyu ce a gaban mai shiga. Akwai gajeren kwas na shekara ɗaya ko ƙasa da haka, wanda ake ba da satifiket. Akwai kuma cikakken karatu na shekara biyu, wanda ake ba da ƙaramin digiri. An kasa aikin mota kashi takwas: gyaran inji, giya mai canza kanta, giyar hannu da abin da ke kai ƙarfi ga taya, sitiyari da abin da mota ke zaune a kansa, birki, lantarki, na'urar sanyaya da ɗumama mota, sai kuma lafiyar tashin inji da shan mai. Kowane kashi ana fara shi a aji, a bayyana dalili, sa'an nan a fita gareji a sa hannu. Malami yakan ɓoye wata illa a jikin mota da gangan, ya ce wa ɗalibi ya nemo ta, ya kuma rubuta matakan da ya bi.

Mai neman ƙaramin digiri dole ne kuma ya ɗauki darasin lissafi da na rubutu. Kada mu raina wannan. Bakanike yana karanta taswirar wayarin, yana lissafin ƙarfin wuta, yana rubuta wa mai mota abin da ya gani da abin da zai ci. Wanda ba ya iya karanta littafin kamfani, gwanintarsa ta tsaya ke nan a kan motar da ubangidansa ya sani.

Kamfanonin mota su ma sun sa hannu. General Motors ya fara shirinsa mai suna ASEP a 1979 a kwalejin Delta ta jihar Michigan. Ford ya biyo da ASSET a 1985, Toyota kuma da T-TEN a 1986. Tsarinsu kusan ɗaya ne. Kamfani yana ba kwaleji motoci da littattafai, yana horar da malamai. Ɗalibi kuwa yana samun dillalin mota da ya ɗauke shi, ya yi 'yan makonni a aji, ya yi 'yan makonni a garejin dillalin ana biyansa lada, haka har shekara biyu. In mun duba da kyau, wannan ai almajirancin sana'a ne irin namu, sai dai an ƙayyade masa lokaci, an rubuta abin da za a koya, an kuma biya yaro.

Wa yake shaida gwaninta?

A 1972 masu harkar mota a Amurka suka kafa wata hukuma mai zaman kanta, wadda aka fi sani da ASE, domin mai mota ya iya bambance gwani da ɗan koyo. Tana shirya jarrabawa a kowane ɗaya daga cikin kashi takwas ɗin nan. Wanda ya ci duka takwas ya zama babban gwani. Amma cin jarrabawa kaɗai bai isa ba, sai mutum ya nuna ya yi aiki da hannunsa shekara biyu, ko kuwa shekara ɗaya in ya yi karatun shekara biyu. Shaidar kuma ba ta har abada ba ce. Bayan kowace shekara biyar sai a sake zama. Gwamnatin tarayya ba ta tilasta wa kowa, amma masu gareji suna dubawa wajen ɗaukar ma'aikaci da yanka masa albashi. Tun 1983 akwai kuma sashen da yake bin makarantu yana duba kayan aikinsu da malamansu da sa'o'in da suke koyarwa kafin ya amince da su.

Hikimar da ke nan a fili take. Makaranta tana da sha'awar ɗalibanta su ci, ubangida yana da sha'awar yaronsa ya daɗe a hannunsa. Alƙali na waje ba shi da ko ɗaya. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Inda tsarin yake da rauni

Ba zan ɓoye muku aibinsa ba. Da farko, ɗalibai da yawa ba sa kaiwa ƙarshe, saboda suna aiki suna karatu, wasu da iyali. Na biyu, al'adar can ita ce bakanike shi yake sayen kayan aikinsa, abin da yakan ci dubban daloli, har yaro ya fara sana'a da bashi a wuya. Na uku, gareji da yawa suna biya ne bisa sa'o'in da littafi ya yanka wa kowane aiki, ba bisa lokacin da aka ɓata ba. In littafi ya ce sa'a biyu, ka yi huɗu, ladan biyu za ka karɓa. Wannan yana cutar sabon shiga, yana kuma sa gaggawa a aikin da yake bukatar natsuwa. Na huɗu, wanda kamfani ya horar, motar kamfanin ya fi sani, kamfanoni kuwa sukan riƙe sirrin motocinsu. Sai da jama'ar jihar Massachusetts suka jefa ƙuri'a a 2012, suka sake a 2020, domin ƙananan gareji su sami damar ganin bayanan gyara.

Abin da ya shafe mu

Yanzu bari mu komo gida, gama wannan magana ba labarin nesa ba ce. Motocin hannu masu yawa da suke yawo a titunanmu daga Amurka aka yo jigilarsu, da kwamfutarsu da kafarsu mai ido 16. Sun bar waɗanda aka horar dominsu a can, sun faɗo hannun kanikawanmu a nan. Kanikawan nan kuwa mutane ne masu basira. Sun riƙe Fijo, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, shekara da shekaru, da kunne da hannu da dabara. Amma kunne ba ya jin kwamfuta. In fitilar gargaɗi ta kama aka rasa dalili, aka cire ƙwanta, ciwo yana nan. In kuwa fitilar birki ce ko ta jakar iska, to, ran mai mota da iyalinsa aka sa a caca.

Ba makarantu muka rasa ba. Muna da kwalejojin fasaha, muna da hukumar kula da ilimin fasaha da aka kafa a 1977 mai hedkwata a Kaduna, muna da jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago. Abin da ya yi ƙaranci shi ne gada tsakanin aji da gareji. Mai takarda yana ƙyamar baƙin mai, mai sifana yana tsoron takarda. Saboda haka ina ba ma'aikatan da ke nan shawara uku. Ɗaya, a buɗe ƙofar kwaleji da yamma ga kanikawa da yaransu, ba tare da neman sakamakon jarrabawar da ba su taɓa zama ba. Biyu, a lissafa watannin da ɗalibi ya yi a gareji cikin karatunsa, a kuma girmama ubangidan da ya koya masa. Uku, shaidar gwaninta ta fito daga hannun wanda bai koyar da yaro ba, a kuma riƙa sabunta ta.

A nan ne malamin Hausa ya shigo. Ɗan Amurka yana koyon wayarin da harshen da ya tashi da shi, wahalarsa ɗaya ce. Yaronmu wahalarsa biyu: ga lantarki, ga Turanci. Alhali kuwa kanikawa sun riga sun yi mana rabin aiki. Su suka ba mu birki da kuloci da fulogi da lagireto da fistin, ba wani kwamiti ba. Aikin da ya rage namu ne mu masu nazarin harshe: mu je gareji mu tattara waɗannan kalmomi, mu zauna da injiniyoyi mu cike giɓi, mu rubuta littattafan koyarwa da Hausa, har da fassarar lambobin nan da mota ke faɗin ciwonta da su.

Ku kuma ɗalibai, in ƙanenku ya ce kanikanci yake so, kada ku ɗauka ya gaza. Ku taimake shi ya haɗa da karatu, domin sana'ar yanzu ta mai ilimi ce.