Haƙoran Da Ba Su Jure Sanyi, Da Yadda Ake Faranta Su

Yau zancenmu a kan haƙori ne. Akwai mutanen da in sun kurɓi ruwan randa da sanyin safiya, ko koko mai zafi, sai su ji haƙori ya amsa kamar an soka allura. Sa'an nan ga goro da taba da shayi sun rina shi. Suna son fari, suna tsoron ciwo. To, ku kasa kunne.

Kowane haƙori yana da ɓawo a waje, fari, mai tauri. A duk jikin mutum babu abin da ya fi shi tauri. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ruwan ɗorawa, cike da ƙananan kafofi waɗanda suka nufi jijiya. In ɓawon ya side, ko dasashi ya janye, sai kafofin su buɗe, sanyi ya sami hanya. Ɓawon nan kuwa in ya tafi ba ya sake tsirowa.

Saboda haka masu dirje haƙori da gawayi, ko toka, ko yashi, ɓarna suke yi. Masu goga lemun tsami sun fi kowa ɓarna, gama tsami cin ɓawo yake yi. Kwana biyu haƙori ya yi haske, mutum ya yi ta murmushi a kasuwa. Daga baya ruwan ɗorawan ciki ya bayyana, ciwo kuma ya ƙaru.

Farko dai a je wurin likitan haƙori ya duba. Wataƙila kogo ne, ko ciwon dasashi, sai an gyara kafin a yi zancen fari. Yakan kankare dattin da ya daskare, watau na goro da taba, a zama ɗaya. Da yawa wannan kaɗai ya ishe su.

Sa'an nan a sayi man goge baki na masu jin sanyi, irin su Sensodyne, da buroshi mai laushi. A goga a hankali safe da dare. Mai asuwaki ya tauna bakinsa sai ya yi laushi sosai. Mako 2 zuwa 4 kafin a ji sauƙi, kada a ce bai yi ba tun kwana 3.

In har yanzu ana son ƙarin fari, likita yana da magani mai suna ferokside. Yakan auna bakin mutum, ya yi masa ɗan kwalfa daidai haƙoransa, ya riƙa zuba maganin a ciki yana sawa a gida. Wannan mako 2 zuwa 4 ne. Mai jin sanyi a ba shi mara ƙarfi, yau ya sa, gobe ya huta, don haka nasa yakan kai mako 6. Akwai na asibiti mai ƙarfi, wajen awa 1 an gama, amma ni ban so wa mai jin sanyi shi ba. In haƙori ya amsa a tsaya, cikin kwana 2 ko 3 yakan lafa.

Maganin ba ya faranta haƙorin roba ko ciko. Yaro ƙasa da shekara 18 kada a sa masa. Mai ciki da mai shayarwa su dakata tukuna.

Farin yakan daɗe daga 'yan watanni zuwa shekara 3, gwargwadon abin da baki ke ci. Na san ba za ku bar goro don maganata ba. To, in kun ci, ku kurkure baki da ruwa nan take.